Hoton da Khuzaima Bai Yanke Ba

Jama'ar da ke bibiyata, ku yafe mini shirun kwanakin nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce ko dai an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba, 'yar'uwa. Yanzu haka da nake muku rubutun nan Juma'a ce, an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙasa kan ledar ɗakinmu, na jingina da gado, idanuna sun kumbura suntum. A ƙarƙashin gadon akwai akurkin kaji, amma abin da ke cikinsa ba kaza ba ce. Bari in ɗauko muku daga tushe, don na san akwai waɗanda yau suka fara shigowa.

Sunana Lailatu, a Birnin Kudu aka haife ni, ɗinki nake yi a gida. Wanda nake so sunansa Khuzaima, mutumin Gwaram ne, mai ɗaukar hoto. Haɗuwarmu ma abin dariya ce. Bikin ƙawata Sa'adiyya aka yi a Kangire, aka ɗauko shi aiki. Mun jeru mu goma sha biyu cikin anko, atamfa ruwan goro, kowa ta kafa ɗauri, amarya har kumatunta sun gaji da murmushi, sai muka ga mai hoto ya ɗaga kyamara sama ya manta da mu. Wai cilakowa ce ta sauka a kan darbejiya. Ni kuwa da bakina ba ya iya shiru na ce, "Malam, in ka gama da amaryar sama, ga ta ƙasa tana jira."

Kowa ya kwashe da dariya, shi kuma kunya kamar ya nutse. Da za mu tafi ya matso ya nuna mini cilakowar a bayan kyamararsa. Shekarata ashirin da huɗu ina ganin tsuntsuwar nan, ban taɓa sanin tana da gashin ido zara-zara ba sai ranar. Lambata ma bai iya tambaya ba, sai ta hannun mijin Sa'adiyya ya samu.

Hoton biki ne ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana daji. Akwai masu kula da namun daji da ke sayen hotunansa jefi-jefi, ko su tura shi aiki. Wata bakwai da suka wuce ya gano ramin yanyawa a wani jeji bayan Gwaram. In ba ku san ta ba, 'yar dabba ce mai kama da ƙaramin kare, ba ta fi kyanwa girma ba, launin yashi, kunnuwa fato-fato, jela buzu-buzu mai baƙi a ƙarshe. Ga tsoron mutum, ko tarinka ta ji daga nesa ka gama ganinta. Macen ya sa mata suna Tani, don ranar Litinin ya fara ganinta, kuma yana gane ta da wata 'yar tsaga a kunnenta na hagu.

Da ya idar da asuba zai hau babur, ya ɓoye shi nesa, ya ƙarasa da jan ciki, ya lulluɓa da buhun algarara ya kwanta ta inda iska ba za ta kai mata warinsa ba. Ko turaren da na haɗa masa da hannuna ba ya shafawa in zai je. Sai da ya yi wata uku a haka kafin Tani ta daina gudunsa. Da bazara ta shigo ta haihu, 'ya'ya uku. Ranar da ya kira ni ya faɗa mini, da kun ji muryarsa sai ku ce a gidansu aka yi haihuwar.

Yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Duk hoton da zai saka a shafinsa ko zai sayar, sai ya yanke shi, ya bar dabbar kawai. Ba dutse, ba bishiya, ba hanya.

"Me ya sa kake yanke mai kyan?" na taɓa tambayarsa.

"Laila, hoto yana faɗin wuri. In ya faɗa, gobe akwai karnuka a bakin ramin."

To, wata Alhamis ya ce zai zo zance bai zo ba. Na yi kwalliya, na turara hijabi, na zauna har aka kira magariba. Na rubuta masa, "Wa ya sani ma ko Tanin nan mai ɗankwali ce." Ya turo fuskar dariya, na ƙi kulawa. Can sai ga hoto ya shigo. Ya kafa kyamara a bayansa ta ɗauka da kanta. Ga shi kwance rub da ciki a cikin ƙaya, ga Tani taku kaɗan a gabansa ta ɗaga kunne, ga kawunan 'ya'yanta uku sun leƙo daga rami. A bayansu wata ƙatuwar kuka ce mai turaku a jere a jikinta har sama, kusa da wasu duwatsu biyu da suka jingina da juna. A ƙasan hoton ya rubuta:

"Wannan ban yanke ba. Naki ne ke kaɗai. Ko Ummussalma kada ta gani."

Ummussalma ƙanwata ce, gado ɗaya muke kwana. Na rubuta masa kalma ɗaya, "Amana." Ku riƙe kalmar nan, don ni ban riƙe ta ba.

Da magana ta yi nisa, Babanmu, Malam Yunusa mai hatsi, ya ce a yi bincike kamar yadda aka saba. Wanda aka ɗora wa aikin shi ne Kawu Ɗanbala, yayan Innarmu, tsohon mafarauci da ke zaune a wani ƙauye kusa da Gwaram. Mutum ne mai raha, tun ina ƙarama shi ke kawo mana zuma da busasshen naman zomo, kuma a duk dangi ba wanda yake ji da ni kamarsa. Ya zo da sakamako bayan la'asar, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Ni ina ɗaki a kan keken ɗinki, ƙafata na kan feda amma ba na takawa.

"Malam, asali dai yana da shi," in ji Kawu. "Ubansa mutumin kirki ne. Yaron ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin sa da 'yar kowa ba, sahun farko yake sallah."

"Alhamdu lillahi," Baba ya ce.

"Sai dai akwai magana. Da asuba ana ganinsa yana shiga jeji da wani abu dogo a jaka. Yakan kai hantsi bai fito ba. Wasu sun ce ma'adini yake nema, wasu sun ce iska ce ke jansa. Wasu kuma, ka san zamanin da muke ciki, sun ce wa ya san wanda yake kai wa labari a can."

Inna da ke tankaɗe ta ajiye rariya. Baba ya ƙwala mini kira, na fito ina gyara mayafi. Na durƙusa na buɗe shafin Khuzaima na miƙa masa. Ga cilakowa, ga burtu, ga carki a bayan sa, ga Tani ta hangame baki tana hamma. Baba ya gyara tabarau yana dubawa, har na fara ganin fuskarsa na saki. Sai Ummussalma, wadda ba da mugun nufi ta faɗa ba, bakinta ne kawai ya fi tunaninta sauri, ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Irin waɗannan ai waya ma tana haɗa su yanzu, Baba."

Baba ya miƙo mini wayata.

"Kin ji ko? A ina aka ɗauka, wa ya ɗauka, ba wanda ya sani. Lailatu, ni ban taɓa cewa zan zaɓa miki miji ba, kuma ba zan fara ba. Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da ban san abin da yake yi a jeji ba. A bar maganar nan."

Ya jawo takalmansa zai yi alwala. Ni na san Baba, in ya tashi daga kan magana ya tashi ke nan. Khuzaima kuwa kwanansa biyu da tafiya fadamar Baturiya ɗaukar tsuntsaye, aikin kwana goma, wurin da sai ya hau tudu yake samun sabis. Na danna lambarsa a ƙarƙashin mayafi, aka ce ba a samunta. Ba zan yi muku ƙarya in ce na manta da alkawarin ba. Ina sane da shi sarai. Na dai ce a raina Baba ne da Kawu, ba bare ba, kuma kallo ɗaya ne.

"Baba, akwai wani," na ce.

Na buɗe hoton amanar na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Kawu. Kawu ya nisanta wayar da idonsa, ya ce in buɗe masa nan, na sa yatsu biyu na buɗe. Sai ya bushe da dariya har yana buga cinya.

"Allah sarki. Malam, ashe yaron gaskiyarsa ce. Yanyawa ce da 'ya'yanta. Shi ne yake jan ciki a ƙaya haka kamar ƙadangare?"

Baba ma sai da ya murmusa. Ya ce, "To, wauta dai ba laifi ba ce. Ki ce ya zo ya gaishe ni ranar Alhamis ta sama. In Allah Ya yarda, Asabar manyansa su zo."

Inna ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ruga ɗaki na faɗa kan gado na cusa fuska a filo. Amma akwai abin da na gani kafin in ruga, kuma tunda na ce zan faɗa muku gaskiya, bari in faɗa. Wurin da Kawu ya ce in buɗe masa ba kan Tani ba ne. Kan kukar ne.

Washegari Khuzaima ya samu sabis, hotuna suka yi ta shigowa. Gauraka biyu suna rawa a bakin ruwa, tsirya kore shar a kan reshe, garken kirinjijiya sun tashi gaba ɗaya. Na yi masa albishir. Ya kira nan take, iska na kaɗa muryarsa.

"Me ya sauya ran Baba?"

"Addu'a," na ce.

Ya yarda. Abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu, ko na daƙiƙa ɗaya bai yi shakka ba.

Laraba da yamma ya dawo Gwaram. Ya rubuto, "Gobe Baba, jibi su Tani. Yaran yanzu sun isa wasa a waje. Zan ɗauko miki su." Jiya Alhamis tun safe gidanmu ke ƙamshi. Inna ta yi dambun shinkafa da zogale, da farfesun kaza, Ummussalma ta haɗa zoɓo ta sayo ƙanƙara. Na sa shuɗiyar atamfar da na ɗinka wa kaina, mai hannu uku-kwata, na yafa mayafi ruwan madara, ga jan lalle da aka zana mini tun Talata. Shi kuma ya iso bayan azahar cikin shadda ruwan toka da hula zanna, rana ta Baturiya ta ƙona shi ya yi duhu, amma wallahi ya yi kyau. Aka shigar da shi ɗakin soro wurin Baba.

Na kai abinci na durƙusa ina zubawa. Baba na tambayarsa yadda ake gane macen gauraka da namiji, shi kuma yana amsawa kansa a ƙasa. Sai muka ji tsayuwar babur, da sallamar Kawu Ɗanbala. Ya shigo fuska fal fara'a, hannu ɗaya riƙe da akurki an rufe shi da buhu, a hammatarsa kuma wani abu naɗe cikin jarida. Khuzaima ya sauka daga kan tabarma ya gaishe shi.

"Zauna, ɗana, zauna," in ji Kawu. "Ni ne na zarge ka, don haka ni ne zan wanke laifina. Tunda na ga hotonka tausayinka ya hana ni sukuni. Wata bakwai kana gasuwa a rana saboda abin da ni da karnukana muka gama kafin hantsi."

Ludayin da ke hannuna ya tsaya a sama.

Kawu ya yaye buhun. A kusurwar akurkin wata 'yar mitsitsiyar aba ce ta dunƙule, kunnuwanta sun fi kanta girma, jikinta na karkarwa.

"Ramukan huɗu ne, muka toshe uku muka sa hayaƙi a ɗaya. Uban ya sha da ƙyar. Uku ne 'ya'yan, biyu hayaƙi ya yi musu yawa, wannan ce mai rabo. Yanzu sai ka ajiye ta a gida, kana zaune a inuwa kana shan shayinka kana ɗaukarta hoto. Uwar ce ta yi taurin kai, ta ƙi barinsu, karnuka suka riga ni. Amma ban bar ta ta lalace ba."

Ya warware jaridar. Fata ce, an shafe ta da toka da gishiri an shanya, ta bushe ƙamas, jelar na nan da baƙinta. Ya miƙa wa Khuzaima da hannu biyu, yana cewa ko riga ya ɗinka wa kyamararsa da ita.

Jama'a, na taɓa zuwa gaisuwar mutuwa da yawa, ban taɓa ganin fuska ta mutu a gabana irin ta Khuzaima ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa, don babba ne ya miƙo. Ya ɗora a cinyarsa. Na ga babban yatsansa ya bi gefen kunnen hagu a hankali, har ya kai kan tsagar, ya tsaya a nan.

"Na gode, Kawu," ya ce. "Allah Ya saka da alheri."

"Ba komai, ai ka zama namu."

"Kawu, ya aka yi ka gane wurin?"

"Ai 'yar nan ce ta nuna mana hoton. Kukar nan mai turaku, ni na kafa turakun da hannuna, shekara talatin ke nan, lokacin ina cire zuma a kanta. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta."

Khuzaima bai kalle ni ba. Da ma ya kalle ni, ko harara ce, da na fi samun sauƙi. Baba ya ce bismillah, Khuzaima ya sa hannu ya ci loma uku don kada a ce ya raina abincin gidan surukai. Ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Baba da Kawu suna ta hirar farautar da, ba wanda ya lura da komai. Da aka kira la'asar ya nemi izinin tafiya. Ya ce a bar ƙaramar a nan tukuna, ba za ta jure hanya cikin wannan zafin ba. Fatar kuwa ya naɗe ta ya sa a cikin rigarsa.

Na bi shi ƙofar gida, mayafina na ja a ƙasa ban ma sani ba.

"Khuzaima, ka tsaya ka ji."

Ya tsaya, hannunsa a kan babur.

"Baba cewa ya yi a bar maganar. Na kira ka ba ta shiga. Ba ni da wata hujja sai shi. Wallahi don kai na yi."

"Na sani," ya ce. "Shi ma Kawu don ni ya yi."

"To ka yi mini faɗa mana. Ka ce wani abu."

"Na tambaye ki me ya sauya ran Baba. A ranar suna raye, Laila. Da kin faɗa mini, da na baro Baturiya a ranar, da na je na roƙi Kawu da bakina."

Ya tada babur ya tafi a hankali, ba irin tafiyar mai fushi ba, kuma bai waiwayo ba har ya sha kwana.

Na kwaso akurkin na kai ɗaki. Inna ta ce wace irin ƙazanta ce wannan a ɗakin budurwa, na ce amanar baƙo ce. Ba wanda na iya faɗa wa komai. Me zan ce? In ce Kawu ya yi laifi? Mutumin da ya kwashi tsufansa ya shiga jeji don ya faranta wa wanda nake so? A wurinsa yanyawa mai satar kaji ce, ya yi abin da ya gada, ya kuma kawo mafi kyawun abin da yake da shi. Duk inda na juya laifin, kaina yake dawowa.

Na tura saƙo ya fi ashirin. Na ba da haƙuri da rubutu, na ba da da murya, na goge wasu don kuka ya cinye maganar. Duk ya buɗe, bai amsa ko ɗaya ba. Yau da safe na rubuta, "Ta ƙi shan madara." Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga amsa:

"Kada ki ba ta madarar shanu. Dafaffen ƙwai, ki marmasa. In an samu fara ko gara ki sa mata. Ruwa a murfin kwalba. Ki rufe ta da zane, ba ta son haske. Kada a taɓa ta da hannu."

Na karanta ya fi sau goma ina neman inda ya ambace ni, babu. Na yi duk yadda ya ce. Ta ci ƙwan kaɗan da na juya baya. Wani irin kuka take yi siriri, in ta yi sai ta yi shiru kamar mai sauraren ko za a amsa mata, sannan ta sake.

Wajen ƙarfe goma ya turo hoto. Wannan ma bai yanke ba, don babu sauran abin ɓoyewa. Ga kukar, ga duwatsun, ga ƙasa an tone ta baƙi ƙirin da toka, ga sawun karnuka ko'ina. A gefe guda ya zagaye wani ɗan sawu da jan layi ya rubuta, "Uban ya dawo neman su."

Nan na kifa kai a gwiwa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar kakarmu. Ina sonsa, jama'a. Ina sonsa fiye da ranar da ya nuna mini gashin idon cilakowa, kuma ni ce na yi masa abin da maƙiyinsa bai isa ya yi masa ba, don maƙiyinsa bai san wurin ba.

Kafin a tafi masallaci Baba ya shigo da ƙullin goro da kwalin alewa, ya ce a ajiye na baƙin gobe. Ya sa an wanke manyan tabarmi an shanya a kan katanga. Na ɗauki waya na rubuta, "Gobe Asabar. Baba ya sayo goro. Me zan ce masa?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Har aka tafi masallaci aka dawo. Sai ɗazun nan, ina tsakiyar yi muku wannan rubutun, wayar ta yi ƙara:

"Gobe da hantsi zan zo in ɗauke ta, in gwada ko ubanta zai karɓe ta. Ni kaɗai zan zo, Laila. Na ce wa su Baffa su dakata."

Daga madafi ƙamshin mai ke tasowa, Inna tun safe take suya. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, yanzu ma ga muryarta nan, cike da murna.

"Ke yarinya, zo ki ɗanɗana mini dubulan ɗin nan. Kina ganin roba biyu za ta ishi mutanen Gwaram, ko in ƙara kwaɓi?"

Na ce mata ina zuwa. Har yanzu ban tashi ba.